Wata Huɗu Ina Aika wa Mamaci Goro

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Masallaci da Jin Daɗin Jama'a na unguwarmu ta Hausawa, Anacha, Alhaji Ɗanjuma, tare da dattawan da yake zama da su a tabarmar shawara.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana nan lafiya, kai da iyali da abokan shawararka baki ɗaya. Ina kuma fata dukkanku kuna raye, domin a halin da kuka saka ni yanzu ba ni da hanyar da zan tabbatar.

Ni ne Isyaku Mai Albasa, wanda kuke kira Baba Isyaku, na gidan da ke bayan masallaci. Shekaruna in an bi lissafin 'yata Rabi tamanin da bakwai ne, in kuwa gwiwoyina aka tambaya, sun wuce ɗari. Da hannuna nake rubuta wannan takarda, da ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci, tabarau biyu a kan hanci, ɗaya bisa ɗaya. Layi uku nake yi in huta, in na ji tafiyar Rabi in tura takardar ƙarƙashin buzu. Saboda haka in ka ga rubutun ya hau dutse ya gangaro, ka yi haƙuri. Na shirya a buga ta kashi uku: ɗaya a manna a allon masallaci, ɗaya a rumfar 'yan albasa ta Kasuwar Relief, ɗaya a ba direban da ke zuwa Fatakwal. Ban rufe ta a ambulan ba, don abin da aka yi min ba a ɓoye aka yi shi ba. Kowa a unguwar nan ya sani, ni kaɗai ne ban sani ba.

Tambaya ɗaya ce ta sa na ɗauki biro, kuma zan ajiye ta tun daga nan don kada ta ɓace a cikin surutun tsoho. Abokina Sule Dogo, tela, na Obiagu a Inugu, yana raye ko ya rasu? Mako bakwai ke nan ban ji muryarsa ba, kuma duk wanda na tambaya sai tari ya kama shi.

Ga bayanina daki-daki.

Na farko. Ina so in tuna maka ko ni wane ne, tunda na ga alama kwamiti ya ɗauke ni tulun da ya tsage, wanda ake lallaɓawa kada ya ƙarasa. Shekara hamsin da 'yan kai nake garin nan. A kan buhunan albasa na iso, na fara da dako a babbar kasuwa, buhu guda a kai daga bakin mota har cikin layi ba na sauke numfashi. Daga nan Allah ya buɗa, na samu rumfa. Amma aikin da jama'a suka fi sanina da shi ba albasa ba ce. Kafin wayar hannu ta shigo, ni ne mai kai labarin rasuwa. In aka yi rashi a unguwar nan, ni ke zagaya gidaje a keke, in gama in hau mota zuwa Inugu ko Fatakwal in sanar da dangi. Fiye da shekara talatin ina yi, ba wanda ya naɗa ni, ba wanda ya biya ni.

Kuma aikin yana da ƙa'ida, ba haka kawai ake yinsa ba. Ba a faɗa a tsaye, ba a faɗa a bakin ƙofa, ba a faɗa mutum yana da loma a hannu. Sai ka shiga ka zauna, ka nemi ruwa, ka gaisa har ka tambayi kasuwa. Sannan ka ce jikin wane ya yi tsanani. Ka dubi idonsa. Yawanci shi da kansa zai ce, ya cika ko? Kai ma shaida ne, Alhaji. Ranar da mahaifinka ya rasu, Allah ya jiƙansa, kana Fatakwal kana yaron shago. Ni na same ka kana auna wake, na jira ka sallami mai saye, na zaunar da kai a kan buhu na gaya maka. Ka jiƙe min gaban riga da kuka da majina, na riƙe ka har ka gama, muka hau mota tare. Ban ce maka ya yi tafiya ba.

Na biyu. Ban musa cewa jiki ya ƙi ba. Shekara biyu da suka wuce ɓarin jikina na hagu ya taɓu, ƙafar ta koma bin 'yar'uwarta a baya tana jan ƙasa. Ga hawan jini, ga suga, ga yana a ido. Mutumin da ya ɗauki buhun albasa yau buta sai ya yi mata bismilla biyu kafin ta tashi. Salla a kan farar kujerar roba nake yi. An cire min gishiri, an cire nama, an cire suga, shayin da ake ba ni ruwan zafi ne mai launi. Goro ma an hana ni, ko da yake da haƙora uku da suka rage, kuma ba sa ga-maciji da juna, hanin bai dame ni sosai ba. Duk wannan na karɓa, na gode wa Allah. Wanda ya ci ƙarfinsa shekara saba'in ba shi da bakin ƙorafi.

To likita ya ce wa Rabi kada a riƙa tayar min da hankali. Iyakar abin da ya ce ke nan, ina wurin, kunnena kuwa ƙalau yake. Rabi ta kawo maganar gabanku, ku kuma kuka zauna bayan Sallar layyar bara kuka yanke cewa daga ranar ba wanda zai sake gaya wa Baba Isyaku an yi rasuwa. Kada ka ce ba a yi ba. Na'ibin liman, Malam Shehu, ya faɗa min da bakinsa, har ya ce an rubuta a littafin taro. Kada kuma a ga laifinsa, ni na ritsa shi. Ya zo gaishe ni, na sa sandata na tare ƙofa, na ce ya rantse. Kowa ya san Malam Shehu bai iya ƙarya ba, in zai yi sai hancinsa ya fara gumi.

Daga bakinsa na ji yadda kuka bi unguwa kuna gargaɗi: 'yan kasuwa, mata a gidaje, mai shayi, mahauta, har 'yan okada. Na ji kuma dalilin da ya sa lasifikar masallaci da ke fuskantar gidana ta juya baya. Ni an ce min iska ce ta karkata ta. Ashe hawa aka yi da tsani aka juya ta wajen kogi, don kada in ji sanarwar jana'iza. Yanzu kifayen Kwara sun fi ni sanin wanda ya mutu a unguwar nan. Kiran salla ma daga nesa-nesa nake jinsa, sai na kasa kunne na tambaya ko an kira.

Tun daga lokacin mutanen unguwar nan suka kamu da son tafiya. Ina Haruna wanzami, gashina ya taru? Ya je Arewa ganin gida. Ina Hajiya Ladi mai tuwo? Tana wurin 'yarta. Na zauna ina mamaki, yaya mutanen da muka yi shekara arba'in tare za su kama hanya ba wanda ya leƙo ya yi min sallama? Har fushi na yi da Haruna. Na ce in ya dawo ba zai sake taɓa min kai ba.

Na uku, kuma nan ne ya fi yi min ciwo, ko da yake in na tuna wani lokaci dariya ce take kama ni har in ƙware. Ka san Alhaji Bala mai canji, ka san tsakaninmu. Da ciwon gwiwa ya kwantar da shi ni ma na kwanta, sai muka koma gaisawa da goro. Kowace Juma'a da safe ina sa a sayo min farin goro biyar masu kyau. In riƙe su, in shinshina, tunda an hana ni ci, in ƙulle a ganye in ba ladan, Malam Tanko, ya kai masa. Da yamma Malam Tanko ya dawo da amsa.

Alhaji, wata huɗu cur Bala yana kabari ina aika masa goro, kuma amsa tana zuwa! Ba ma amsa kawai ba, sauƙi yake samu mako-mako. Wannan Juma'ar a ce ya gode, kumburin ya saɓe. Ta gaba a ce ya fara takawa zuwa tsakar gida. Wata Juma'ar Malam Tanko ya zauna a gabana, ya ce Bala ya ci tuwo malmala biyu har ya nemi ƙari. Na yi hamdala, na ce a gaya masa ya rage ci, suga ba ta son haka. Da ba a tona ba, ina jin zuwa yanzu Malam Tanko ya yi masa sabon aure.

Goron kuwa ban tambayi inda ya shiga ba. Idona ba ya gani sosai, amma kunnena yana jin mai magana da goro a kumatu, kuma Malam Tanko ya yi wata huɗu yana min magana da baki cike. Na yafe masa, ya ci halal.

Abin da ban iya yafewa da sauƙi ba shi ne wannan. Wata huɗu, bayan kowace salla, ina roƙa wa Bala lafiyar gwiwa, alhali gafara yake buƙata. Ban tsaya a sahunsa ba, ban bi shi ko da da ido ba, ban yi wa matarsa gaisuwa ba. Har ma na yi gulmarsa. Na ce wa Rabi, mutumin da ke cin malmala biyu ai ba zai kasa hawa okada ya zo ya duba ni ba, Bala dai tun da can ɗan girman kai ne. Kun sa na ci naman mamaci da haƙorana uku. Wannan alhakin mu raba shi, ba zan ɗauka ni kaɗai ba.

Na huɗu. Kwamiti ya yi aiki mai kyau wajen gargaɗin Hausawa, ba a tsallake ko gida ɗaya ba. Abin da kuka manta shi ne ba mu kaɗai ne a Anacha ba. Kun zauna a garin Ibo shekara da shekaru, amma da kuka tashi toshe bakin jama'a ba wanda ya tuna da masu garin.

Madam Nkiru mai manja, wadda muka yi shekara talatin rumfarta na kallon tawa, ta tafi ƙauyensu jegon 'yarta, ta daɗe. Da ta dawo ta ji labari a kasuwa. Mako uku da suka wuce, ranar Talata da hantsi, sai ga ta da doya biyu da kwalbar manja. A Jos ta tashi, Hausa a bakinta kamar ta saya. Ta zauna ta kama hannuna ta ce, "Baba, ndo, ka yi haƙuri. Sai yanzu na ji abokinka mai canji ya mutu tun kafin ruwa ya sauka." Na ce wane mai canjin, wanda ya ci tuwo malmala biyu ranar Juma'a? Ta ce, "Chineke! Wayyo Allah! Wane tuwo, Baba?" Rabi tana bakin murhu, na ji ludayi ya faɗi.

To ga abin da nake so a karanta wa kwamiti sau biyu. Ban faɗi ba, ban suma ba. Na yi inna lillahi, na yi kuka mai isata, na sha ruwa, na yi masa addu'a. Rabi ta rugo da na'urarta ta awon jini ta ɗaure min dantse, ta auna, ta sake aunawa. Jinin yana nan inda yake kullum. Nata ne ya kamata a auna ranar. Madam Nkiru kuwa da ta gane abin da ake ciki ta yi wa Rabi faɗa da harshe uku, ta ce su a wurinsu tsoho ake fara gaya wa, don shi ya san yadda ake yi da mutuwa.

Na biyar. Ku dubi abin da dabararku ta haifar. Da can in mutum bai zo gaishe ni ba, sai in ce kasuwa ta riƙe shi. Yanzu in ya yi kwana biyu bai leƙo ba, na kashe shi a raina na binne. Ina zaune ina ƙirga masu sallama da yatsu, wa ya zo, wa bai zo ba. In Rabi ta yi magana ƙasa-ƙasa a tsakar gida gabana ya faɗi. In na ji an wuce da yawa a lungu in ce gawa ce aka ɗauko. Wannan shi ne kwanciyar hankalin da kuka shirya min.

Har ta kai ni ga abin kunya. Iro mahauci yakan biyo kullum bayan la'asar mu taɓa hira. Makon jiya ya yi kwana uku bai zo ba. Na tambaya, aka ce zazzaɓi ne. Na ce to, na san irin wannan zazzaɓin, shi ya kama Haruna wanzami. Na jawo sandata na lallaɓa har ƙofar gidansa, tafiyar da ban yi irinta ba cikin shekara biyu, na yi sallama da matarsa na ce Allah ya jiƙan Iro, ya ba ku haƙuri, mutumin kirki ne ko da yake awonsa da ƙashi. Baiwar Allah ta baro shi a ɗaki yana shan koko, amma jin haka daga bakina, ni da kowa ya san aikina, sai ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu. Maƙwabta suka fito. Sai ga Iro da zani a wuya da kofin koko a hannu yana tambayar wa ya mutu. Har yau bai gama hucewa ba, ba don ta'aziyyar ba, don maganar ƙashin. Wannan ma a rubuta a littafin taro, a ƙarƙashin sunanku.

Na shida, shi ne Sule. Da na ritsa Malam Shehu ya ba ni suna uku: Bala, Haruna da Hajiya Ladi. Da na ce Sule Dogo fa, sai ya ce wallahi wannan sai dai Shugaba, ya tsallake sandar ya fice da takalmi ƙafa ɗaya. Ɗayan yana nan wurina in yana so. Shi ya sa takardar nan ta zo gare ka.

Kai ka san Sule a matsayin dogon tsohon nan da ke zuwa da Salla. Ni a kan motar albasar da ta kawo ni na haɗu da shi. Bazazzage ne, ni Bakano, tun kafin mu tsallake gada ya ce shi ubangidana ne, na ce ƙarya yake, bawana ne na gado, kuma har yau ba mu raba wannan shari'a ba. Tabarma ɗaya muka kwana a kanta shekara huɗu muna dako, kwano ɗaya muka ci. Da wuyansa ya gaza ɗaukar kaya ya koyi ɗinki ya koma Inugu, ya kafa keken ɗinki a Obiagu. Duk rigar Sallar da na sa a garin nan shi ya ɗinka, kuma duk sai ya ƙara mata tsawo kamar shi zai sa. Da tsufa ya zaunar da mu muka koma waya, kowace Juma'a bayan an sauko. Shi kunnensa ya mutu, ni kuma ba na haƙuri, sai mu yi ta ihu, shi yana ba ni labarin ƙafarsa ni ina ba shi na idona, ba mai jin wani. Maƙwabtana sun fi shi sanin abin da nake gaya masa. Amma in muka ajiye waya sai in ji na ƙoshi har mako ya zagayo.

Akwai alkawari tsakaninmu. Ranar da aka binne matata Asabe, shi ya riƙe ni a bakin kabari. A hanyar dawowa muka yi magana cewa duk wanda ya riga, ɗayan ne zai yi masa wanka. Da ƙarfi ya ƙare muka zauna muka rage wa alkawarin tsawo, muka ce a dai kawo wanda ya saura ya zuba ko moɗa ɗaya. Bara muka sake ragewa, muka ce ko ƙasa cikin tafin hannu ta wadatar. Ƙasa da haka kuma babu abin da za a rage.

Mako bakwai da suka wuce aka karɓi wayata aka ce za a kai gyara. Wayar da ba abin da ya same ta, ko tari ba ta yi. Na ce a kira min Sule da ta Rabi. Ran farko aka ce ba sabis. Rana ta biyu aka ce yana barci. Rana ta uku aka ce tasa wayar ta faɗa rijiya. Na san gidan Sule, Alhaji, ruwan tanka suke saye, ba rijiya a gidan. Wani direba kuma ya taɓa ce min mutanenmu na Inugu sun ji dabararku ta burge su, su ma sun fara yi wa tsofaffinsu. In haka ne, ta yiwu Sule yana can a zaune lafiyarsa ƙalau, an ce masa tawa wayar ce ta faɗa rijiya, yana zaton na mutu, yana tsoron tambaya. Tsofaffi biyu, tafiyar da ba ta kai rabin yini ba, kowa yana makokin ɗan'uwansa a ɓoye. In kuwa haka ne, wallahi sai na yi dariya har in faɗo daga kujera.

Abubuwan da nake roƙo ba su da yawa.

A juyo da lasifika inda take. A dawo min da wayata, ko an gyara ko ba a gyara ba. A soke wannan shawara daga littafi, a kuma aika wa mutanen Inugu da Fatakwal cewa ba ta yi ba, an gwada a kan Isyaku. Sannan a turo mutum ɗaya da sunayen duk waɗanda suka rasu tun Sallar layyar bara, ya karanta min ɗaya bayan ɗaya, kada a tsallake kowa. Zan sha maganina tukuna, Rabi ta zauna kusa da na'urarta in hakan zai kwantar mata da hankali. Ina da addu'o'in da suka taru a kaina, ina so in sauke tun ina da numfashi. Ku yara kuna ganin labarin mutuwa ne zai kashe tsoho. Mu da muka kai nan, shi ne labarin da muka fi iya ji. Mun fi sanin mutane a can fiye da nan.

Kada kuma a matsa wa Rabi. Tsoro ne ya sa ta, ta rasa uwa ba ta son ta rasa uba, na sani. Ku ma ban ce ƙiyayya ce ba. Da ƙiyayya ce da ta fi min sauƙi, da na san yadda zan yi da ku.

A nan na so in rufe takardar, yau kwana takwas da fara ta. Amma jiya wani abu ya faru, dole na ƙara wannan.

Rabi ta fita tun bayan asuba, ta ce suna za ta je Asaba. Asaba tsallaken gada ce, da ƙafa ma na sha zuwa. Ba ta dawo ba sai bayan la'asar sakaliya. Da ta shigo na ji ƙamshin okpa, alalar gurjiyar nan, a jakarta, irin ta ganye mai zafi da ake sayarwa a hanyar Inugu, hancina bai tsufa ba. Na ce yaya mai jego, wane suna aka sa? Ta ce ta manta. Muryarta a dishe take. Ta ajiye mayafi ta zauna a ƙasa ta ɗora ƙafafuna a cinyarta tana matsawa. Sau biyu ta ce "Baba", in ce na'am, sai ta ce ba komai. Ban tambaye ta ba. Na ji tausayinta, kun ɗora mata kayan da ba nata ba.

Ni ba yaro ba ne, Alhaji. Ta yiwu dubiya ta je, ta yiwu gaisuwa. Na kusa sani, kuma kusa-sanin nan ya fi sanin ciwo. Ba na iya yi masa addu'ar masu rai da zuciya ɗaya, ba na iya yi masa ta matattu, kada in yi masa mugun baki. Ko kukan ma na rasa ta inda zan fara shi.

Don haka ga roƙona na ƙarshe, kuma shi ne babba. Jibi Asabar da hantsi zan yi wanka in sa riga in zauna a ƙofar gida. A turo min mota ta kai ni Obiagu. Ba sai kowa ya ce min komai a hanya ba, in faɗar ce take muku nauyi. In Sule yana ɗaki, ku ajiye kujerata a gefen gadonsa ku ba mu wuri. In kuma an riga an kai shi, ku ajiye ta a gefen kabarin, wani ya ɗebo min ƙasa ya zuba min a hannu, don ba na iya sunkuyawa. Kujerar ta roba ce, ba ta da nauyi, mutum ɗaya ma zai iya ɗauka.

Allah ya taya ka riƙon jama'a, ya ba ka lafiya da zuri'a mai albarka, ya saka wa kwamiti da alheri a kan niyyarsu, ya yafe mana kurakuranmu baki ɗaya. Allah ya jiƙan waɗanda na san sun tafi da waɗanda ban sani ba tukuna. Allah ya ja kwananka ka kai shekaruna har ka wuce, ya kuma bar maka a kusa da kai wanda zai iya duban idonka ya gaya maka.

Ina jiran motar.

Wassalam.

Naka,
Isyaku Mai Albasa,
Bayan masallaci, Anacha.